Ɗan Ƙudan Da Ya Cancanci Ɗakin Bincike A Kabo Da Gwarzo

Idan bazara ta kama, mangwaro ya cika kasuwannin Gwarzo da Getso da Garo, akwai baƙon da ba ya jiran gayyata. Ba ƙudan gida ba ne, wancan baƙi mai naci da ke sauka a kan tuwo. Wannan ɗan mitsitsi ne, ruwan ƙasa-ƙasa, mai jajayen idanu, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Yana shawagi a hankali a kan mangwaron da ya fashe, ko tumatirin da ya fara laushi, ko ɓawon ayabar da aka yar. Mai tebur ya kaɗa masa tsumma ya watse, kafin a gama ciniki ya dawo. Ba ya cizo, ba ya shan jini. Abin da yake nema shi ne yis ɗin da ke tsirowa a jikin 'ya'yan itace idan sun fara tsami.

Masana suna kiransa Drosophila melanogaster, kuma babu ƙwaron da aka yi wa binciken ƙwaƙwaf kamarsa a doron ƙasa. Daga 1933 zuwa 2017, aƙalla sau 5 ana ba da lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda abin da aka gano a jikinsa. A manyan jami'o'in Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai ɗakunan da aka ware don kiwonsa, a dafa masa abinci, a daidaita masa sanyi. Kiran da wannan rubutu yake yi shi ne makarantun kimiyya na yammacin Kano, musamman makarantar tarayya da ke Kabo, su ɗauke shi a matsayin dabbar gwajinsu ta farko. Hujjojin suna da ƙarfi, matsalolin kuma ba su fi ƙarfin yankin ba.

A fara da abin da ya faru ranar 2 ga Oktoba, 2024, lokacin da mujallar Nature ta fitar da cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar balagaggen ƙuda. Ƙwaƙwalwa, ta mutum ce ko ta ƙwaro, tarin ƙwayoyin jijiya ce da ke aika wa juna saƙo ta wasu 'yan mahaɗai. Gani da ji, yunwa da tsoro, barci da tuna hanya, duk suna fitowa ne daga yadda saƙo ke bi daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Ta mutum tana da irin waɗannan ƙwayoyi kusan biliyan 86, adadin da har yau babu na'urar da ta iya bin diddiginsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan ƙudan kuwa ba ta kai girman ƙwayar gero ba. Sai aka ɗauki ta wata tamata guda, aka daskarar da ita, aka yanka ta sala-sala har kusan sala 7,000, aka ɗauki hotuna kimanin miliyan 21 da madubin hangen ƙananan halittu mai aiki da lantarki. Kwamfutoci suka bi kowane zare daga wannan sala zuwa na gaba, ɗaruruwan masu bincike da 'yan sa-kai daga ƙasashe da dama suka zauna suna gyara kurakuran kwamfutar. Mala Murthy da Sebastian Seung na Jami'ar Princeton ne suka jagoranci aikin, wanda aka sa wa suna FlyWire, tare da Gregory Jefferis na Kambirij da wasu. Abin da aka ƙirga: ƙwayoyin jijiya 139,255 da mahaɗai fiye da miliyan 50. Kafin nan, irin wannan taswira ta wata tsutsa mai ƙwayoyi 302 aka yi a 1986, sai ta tsutsar shi ɗan ƙudan, mai ƙwayoyi 3,016, a 2023.

Taswirar ba ta ado ba ce. Philip Shiu, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ɗora ta a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, ya kunna ƙwayoyin da ke jin zaƙi, ya zuba ido ya ga inda saƙon zai bi. Kwamfutar ta nuna masa ƙwayoyin da ke sa ƙuda ya miƙo baki ya tsotsa. Da aka koma kan ƙudaje masu rai aka gwada, mafi yawan hasashen ya tabbata. Abu mafi muhimmanci ga ɗalibin Gwarzo shi ne taswirar a buɗe take a intanet, kyauta. Mai kwamfuta da data zai iya shiga ya ɗauki ƙwaya guda, ya juya ta ta kowace fuska, ya ga wadda take karɓar saƙo daga gare ta da wadda take miƙa wa, daidai da yadda farfesa a Princeton zai gani.

Shi wannan miƙo baki ma ana iya ganinsa ba tare da kwamfuta ba. Ƙuda da ƙafa yake fara ɗanɗano. A bar shi da yunwa na wasu awanni, a manna bayansa a kan ɗan tsinke, sannan a taɓa ƙafarsa ta gaba da ɗigon ruwan sukari: nan take zai zuro bakin tsotsonsa. A sa ɗan ɗaci a cikin ruwan, sai ya noƙe. A bar shi ya ƙoshi, sai ya daina kula sukarin. A tsananta masa yunwa, sai ya haƙura ya sha har mai ɗacin, domin yunwa tana ƙara wa ƙwayoyin zaƙi kaifi, tana dusashe na ɗaci. Bahaushe ya ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Ga shi an samu waɗanda suka zauna suka auna kwaɗayin, suka gano jijiyoyin da ke hura shi. Kayan aikin wannan gwaji tsinke ne da sukari da gam da gilashin ƙara girma.

Labarin binciken ɗan ƙudan ya faro ne a 1910, a wani ƙaramin ɗaki na Jami'ar Columbia da ke New York, inda Thomas Hunt Morgan yake kiwon ƙudajen a cikin kwalaben madara. Wata rana ya ga namiji guda mai farin ido a cikin masu jajaye. Ya haɗa shi da mata, ya bi 'ya'ya da jikoki yana ƙirgawa, ya ga farin idon maza yake bi. Daga nan aka tabbatar cewa gadon kamanni yana da mazauni takamaimai a cikin ƙwayar halitta, aikin da ya kawo masa Nobel a 1933.

Wannan darasi ya shafi Kano kai tsaye. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin rukunin jini saboda cutar sikila. Doka tana iya tilasta gwaji, amma ba ta iya sa saurayi ya gane dalilin da zai sa mutum biyu masu ƙoshin lafiya, kowannensu AS, wato mai ɗauke da gadon cutar a ɓoye, su haifi yaro mai ciwo. Ɗan ƙudan yana iya nuna wannan cikin ƙasa da wata guda. Akwai irinsa mai naƙasasshen fiffike. A haɗa shi da mai lafiyayyen fiffike, 'ya'yan duk za su fito lafiya, alhali kowannensu yana ɗauke da naƙasar a ɓoye. A haɗa 'ya'yan da junansu, sai a ga kusan ɗaya cikin kowane huɗu ya fito da fiffike a tauye. Yarinyar da ta ƙirga wannan da hannunta a ajin sakandare, ba sai an yi mata doguwar lacca ba ranar da aka miƙo mata takardar gwaji.

Wanda ya karkatar da binciken zuwa ga ɗabi'a shi ne Seymour Benzer. A 1971 shi da ɗalibinsa Ronald Konopka suka samu ƙudaje iri uku da agogon jikinsu ya lalace: wasu suna kammala zagayen kwanansu cikin awa 19, wasu cikin awa 28, wasu kuma ba su san dare ba su san rana ba. Duka ukun daga ƙwayar gado guda matsalar ta fito. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka bi sawunta har suka warware yadda agogon yake juyawa, aka ba su Nobel a 2017. Irin wannan agogo yana jikin ɗan Adam, shi ke tsara lokacin barci da hawa da saukar zafin jiki. A 2001 an gano cewa wasu dangi a Amurka da barci ke kwashewa tun magariba, su farka tun kafin asuba, canji ne suke da shi a 'yar'uwar wannan ƙwayar gado ta ƙuda. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare da direban da ke kwana a kan hanyar Kano zuwa Legas, da wannan agogon suke kokawa.

Sauran abubuwan sai a ambata a gurguje. A 2000 aka tabbatar cewa ƙuda yana barci, kuma idan aka hana shi yana ramawa. A 2005 Gero Miesenböck ya sa ƙudaje suka yi tsalle suka kaɗa fiffike ta hanyar haska wasu zaɓaɓɓun jijiyoyinsu, dabarar da yanzu ake amfani da ita a ɗakunan binciken ƙwaƙwalwa a duk duniya. A 2015 aka gano wani zobe na ƙwayoyin jijiya a tsakiyar kansa da ke riƙe masa alƙibla: duk inda ya juya, alamar da ke cikin zoben ta juya tare da shi, ko da a cikin duhu. A 2012 kuma ɗakin binciken Ulrike Heberlein ya nuna cewa namijin da mata suka yi ta ƙi ya fi karkata ga abinci mai barasa, aka danganta hakan da raguwar wani sinadari a ƙwaƙwalwarsa wanda mutum ma yake da makamancinsa. A jihar da shaye-shayen sirof da ƙwayoyi suka cinye matasa da yawa, wannan ba labarin nishaɗi ba ne. Tambaya ce a kan abin da ƙuncin rai ke yi wa ƙwaƙwalwa har ta nemi abin maye.

Duk da haka wani zai ce ilimin masu ƙoshi ne, ina ruwan manomin Kabo da ƙwaƙwalwar ƙuda? Amsar tana rataye a saman gadonsa. Gidan sauron da ake rabawa an jiƙa shi da maganin ƙwari da ke kai hari ga jijiyoyin sauro. Yana hana wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ƙwayar jijiya rufewa, saƙo ya yi ta zuba ba tsayawa, sauron ya kama karkarwa ya faɗi. Ƙwayar gadon da ke gina waɗannan ƙofofi a jikin ƙwari, a ɗan ƙudan aka fara gano ta, a cikin wasu da ke shanyewa idan zafi ya yi musu yawa. Yau sauro ya fara gagarar maganin a sassa da yawa na Afirka, kuma Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya take nunawa.

A nan ne wani malamin Jami'ar Bayero ya shigo. Sulaiman Sadi Ibrahim, tare da Charles Wondji na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool, sun buga wani bincike a 2015 a kan sauro nau'in Anopheles funestus. Suna zargin wasu ƙwayoyin gado guda biyu da taimaka wa sauron ya narkar da maganin kafin ya isa jijiyarsa. Zargi ba hujja ba ne, don haka cikin gwaje-gwajen da suka yi har da dasa waɗannan ƙwayoyin gado a jikin ɗan ƙudan, sannan aka sa shi a kan maganin. Ƙudajen da aka dasa wa irin na sauro mai taurin kai suka fi jure wa gubar. Haka ma a 2010, ɗakin binciken John Carlson a Jami'ar Yale ya ɗauki masu karɓar ƙamshi guda 50 daga hancin sauro, ya dasa su ɗaya bayan ɗaya a cikin jijiyar ƙuda, ya gwada su da ƙamshi da wari iri 110, don a san waɗanne ne ke jin warin gumin mutum. Sauro yana da wuyar kiwo da wuyar sarrafawa, tamatarsa sai an ba ta jini. Ɗan ƙudan ne ke ɗaukar masa jarrabawa.

Masu lambu ma suna da rabo. Akwai wani ƙudan daban, wanda ya fi wannan girma, mai suna Bactrocera dorsalis. Shi ne ke soka wa lafiyayyen mangwaro ƙwai tun yana bisa, a yanka a tarar da tsutsa. Daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya mamaye Afirka ta Yamma, ya jawo ana mayar da mangwaron yankin daga tashoshin Turai. Ɗaya daga cikin manyan makaman yaƙi da shi tarko ne mai wani sinadarin ƙamshi da ke jawo mazajen daga nesa su faɗa wa guba. Wato sanin abin da hancin ƙwaro yake so ya zama kuɗi a aljihun manomi. Ɗalibin da ya koyi auna zaɓin ƙamshi a jikin ɗan ƙaramin ƙudan, hannunsa ya faɗa ke nan wajen gwada tarko a lambunan bakin madatsar Guzuguzu.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne ɗan ƙudan ɗan asalin Afirka ne. Daga nan ya bi mutum ya watsu duniya. A 2018 Marcus Stensmyr na Jami'ar Lund da ke Suwidin da abokan aikinsa suka shiga dajin Matobo a Zimbabuwe neman waɗanda ke rayuwa nesa da gidaje. Suka same su manne da 'ya'yan wani itace da ake kira marula a can. Wannan itace shi ne danya, wadda yaran karkarar Hausa suke shan nununta. Masu binciken sun nuna cewa akwai mai karɓar ƙamshi a hancin ƙudan da ke amsa wani sinadari na 'ya'yan danya, suka kuma kawo hasashen cewa mutanen da suka riƙa tara 'ya'yan a cikin kogo, dubban shekaru da suka wuce, su suka jawo shi ya saba da zama da mutane. Ƙudajen Afirka sun fi na ko'ina bambancin gado. Saboda haka wanda ke yawo a gindin danya a dajin Gwarzo, ya sha zafin Afrilu da sanyin hunturu ya rayu, shi kansa abin nazari ne. Yaya yake jure zafi? Nunu ya fi so ko mangwaro? Waɗannan tambayoyi ne da mai zama a wurin ya fi kowa damar amsawa, kuma idan ya amsa su da kyau, masana a waje za su karanta.

Ba kuma daga sama za a fara ba. A 2011 Sadiq Yusuf, ɗan Najeriya da ke koyarwa a Yuganda a lokacin, tare da Lucia Prieto-Godino da Tom Baden, suka fara kwas na koyar da ilimin ƙwaƙwalwa ta hanyar ƙwari, wanda ya zama ƙungiyar TReND in Africa. A Ibadan, Farfesa Amos Abolaji ya kafa cibiyar bincike da horaswa a kan ɗan ƙudan. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, masu bincike a cibiyar CAMRET sun buga sakamakon gwaje-gwajen da suka yi da shi a kan yadda ƙarancin wasu sinadarai a abincin iyaye ke bin 'ya'ya da jikoki, tambayar da ta dace da yankin da tamowa ta addabi yara. A Damaturu kuwa, Mahmoud Bukar Maina na Jami'ar Sussex ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, da tallafin gwamnatin jihar. Shi ne kuma ya jagoranci wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya duba binciken ƙwaƙwalwa na kusan shekara 20 a Najeriya, ya tarar yawancinsa a kan ɓeraye aka yi, ba a cika waiwayar ƙananan halittu masu arha irin ƙuda ba. Idan Yobe, da duk abin da ta sha na rikici, ta iya, babu uzurin da ya rage wa Kano.

Lissafin a bayyane yake. Ɓeran gwaji yana buƙatar keji da abinci da mai shara da watanni kafin ya girma, shi ya sa ɗalibi kan ƙare da ɓeraye biyar ko shida a kowane rukuni, adadin da sau da yawa ba ya isa a yanke hukunci. Ɗan ƙudan daga ƙwai zuwa balaga kwana 10 ne, tamata guda tana zuba ɗaruruwan ƙwai, abincinsa garin masara da sukari da yis. Kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo wa mutum cuta suna da takwarori a jikinsa. Akwai irinsa da ke nuna alamun cutar karkarwa ta Parkinson, akwai wanda ke faɗuwa yana shure-shure idan aka girgiza kwalbarsa, wanda ake nazarin farfaɗiya da shi. Gwajin ƙarfin jijiyarsa ma mai sauƙi ne. A zuba ƙudaje 10 a doguwar kwalba, a buga gindinta a kan tebur su zube ƙasa, sai su kama hawa, don ɗabi'arsu ce. A ja layi a jikin kwalbar, a ƙirga nawa suka wuce shi cikin daƙiƙa 10. Matasa lafiyayyu za su haye kusan duka; tsofaffi, da waɗanda guba ta taɓa wa jijiya, sai su tsaya suna lalube a ƙasa. Da wannan kaɗai ɗalibai za su iya gwada abin da ragowar maganin feshi a jikin tumatir ke yi wa jijiyar halitta. A 2017 Baden da abokansa sun ma wallafa tsarin wata na'ura mai suna FlyPi, mai kyamara da fitilun gwaji, wadda ake haɗawa da kuɗin da bai wuce Yuro 100 ba.

To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Ɗan ƙudan gwaji yana son yanayi tsakanin digiri 18 zuwa 25. Idan zafi ya haura 30 mazajen sukan daina haihuwa, ga shi a Afrilu zafin Kano yakan wuce 40. Kwana biyu babu wuta na iya shafe aikin shekara. Duk wanda zai buɗe ɗakin ƙuda a Kabo, da farantan hasken rana da batura da akwatin daidaita sanyi zai fara, kafin ya sayi kujerar ofis. Ga kuma abin gwadawa na gida: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya har ta kawo masa lambar yabo ta Rolex. A sa ma'aunin zafi a ciki a ga ko za ta riƙe ƙudaje. Wannan ma aikin kammala karatu ne mai kyau. Ƙudajen da aka sauya wa gado kuwa suna ƙarƙashin hukumar kula da irin waɗannan halittu da aka kafa a 2015, dole a nemi izininta, a kuma tsare ɗakin.

Matsala ta biyu ta fi ta wuta haɗari. Ƙuda ba mutum ba ne. Abin da ya yi masa magani sai an sake gwada shi a dabba mai shayarwa, sannan a mutum, kafin a buɗe baki. Akwai kuma wata al'ada da ta yi katutu a jami'o'in ƙasar nan: a daka ganye, a ba dabba, a auna abu biyu ko uku, a rubuta cewa yana da amfani, a kai takardar wajen neman ƙarin girma. Idan haka za a yi da ɗan ƙudan, an canza dabba ne kawai, ba a ci gaba ba. Darajarsa tana wajen tambayar yaya abin yake aiki, a wace jijiya, ta wace hanya. Itatuwan maganin gargajiya sun cancanci a gwada su, amma gwaji na gaskiya, wanda aka shirya karɓar sakamakonsa ko da ya nuna ganyen ba ya komai.

Masu ganin ƙasƙanci ne mai digiri ya zauna yana ƙirga ƙudaje, sai su tuna Alƙur'ani mai girma ya buga misali da ƙuda a Suratul Hajji, aya ta 73, da sauro a Suratul Baƙara, aya ta 26. Al'ummar da ta tashi da waɗannan ayoyi ba ta da dalilin raina mai nazarin ƙaramar halitta.

Yankin yana da wuraren da za a dasa wannan aiki. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kabo a 2022, 'yan siyasar yankin kuma suka tashi tsaye wajen ganin ta zama jami'a. A Gwarzo akwai makarantar nazarin muhalli ta kwalejin fasaha ta jiha. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, mota ɗaya ce ke bi ta ƙofarsa ta wuce Rimin Gado ta isa yankin. Kano kuma ta san amfanin irin wannan jari: makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 su suka yaye da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin jihar. Sabuwar makaranta ba za ta iya gogayya da tsofaffin jami'o'i a manyan injuna ba, amma tana iya zaɓar fage ɗaya mai arha ta ƙware a kansa tun da wuri, har a riƙa zuwa daga Katsina da Maraɗi ana koyo.

Saboda haka ga kira ga shugabannin makarantar Kabo, da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, da ma'aikatar ilimi ta jiha, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin. A ware ɗaki guda, a sa masa wutar rana da akwatin sanyi da madubai biyu na hangen ƙananan halittu. A tura malamai biyu da mai kula da ɗakin gwaji zuwa Ibadan ko Sakkwato ko Damaturu su koyo aikin da hannunsu, a kuma sa kuɗin abincin ƙudajen da gyaran batura a kasafin kowace shekara. Idan ɗakin ya kankama, a buɗe shi a lokacin hutu ga malaman bayoloji na sakandaren Gwarzo da Kabo, kowa ya koma ajinsa da kwalba biyu da takardar gwaji. A fara a kasafin kuɗi mai zuwa.